Babi na Shida: Daga Bakin Mawaƙi Zuwa Kunnen Mai Sauraro

Idan aka kunna wa Bahaushe sabuwar waƙa, tambayar farko da zai yi ita ce: me yake cewa? Kiɗa kan motsa masa kafaɗa, amma kalma ce ke sa ya ce a maimaita. Shi ya sa har gobe ake sauraren Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos a tsofaffin kaset ɗin da suka sha rana suka sha ƙura. Waɗannan ɗaukan ba su da ko ɗaya daga cikin kayan gyaran da ke cikin kwamfutarka a yau, amma da wuya ka ji harafi ya ɓace maka. Yanzu kuwa sai a fitar da waƙa daga situdiyo mai kayan miliyoyi, kiɗa zam-zam, murya tana sheƙi, ka saurara sau uku ba ka kama rabin baitin farko ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa mawaƙin ya yi rubutu mai ma'ana, ya kuma furta shi daidai. A hannun mai haɗa sauti maganar ta salwanta.

A babin da ya gabata mun gama da haɗa kiɗa. Yanzu mun zo kan murya, da kuma jerin kayan gyaran da ake bi da ita ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, wato sarƙar gyaran sauti. A manhajar FL Studio, kowane layi na mikisa yana da gurbi 10 na saka waɗannan kaya, kuma sauti yana shiga ne ta gurbin sama ya gangaro zuwa na ƙasa. Haka tsarin yake a Cubase da Pro Tools da Reaper da Logic, sai dai bambancin fuska. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, kowane gurbi ba ya jin komai sai abin da na samansa ya miƙo masa. Mai tuwo tana surfe, ta sheƙe, ta kai niƙa, sannan ta tankaɗe. In ta kai hatsin niƙa da dusa da tsakuwa, babu rariyar da za ta raba su da garin. Sarƙar murya haka take, kuma matakinta na farko ba a cikin kwamfuta yake ba.

A ɗaki yake. Yawancin situdiyonmu shaguna ne ko ɗakunan haya masu kusurwa huɗu, bango na siminti, ƙasa tayil, sama silin. Tsaya a tsakiyar irin wannan ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Za ka ji wata 'yar ƙara mai kama da ta ƙarfe tana bin bayan tafin. Wannan sauti ne ke kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, kuma duk abin da mawaƙi ya furta haka zai yi ta kai-komo ya dawo cikin makirufo a makare. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, don haka bangon da ke mita ɗaya a bayan mawaƙi yana mayar da muryarsa cikin kimanin milisakan 6. Kunne ba ya jin wannan a matsayin amsa-kuwwa. Yana jin sa ne a matsayin murya mai kama da ta wanda ke magana cikin kwali. Idan wannan ya shiga ɗauka, ya shiga ke nan.

Maganinsa bai kai tsadar da ake zato ba. Kwalin ƙwan da ake liƙawa a bango ba ya hana komai, banda tara ƙura da gizo-gizo. Siririn soso kuma sautuka masu kaifi kawai yake sha, ya bar masu kauri suna ta gurnani a ɗakin. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri da laushi: katifa, bargo mai nauyi da aka ninka, labule mai kauri da aka ɗan nesanta da bango, kafet a ƙasa. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne bayan mawaƙi, domin yawancin makirufon murya gabansu suke ji, bayansu kuwa kusan kurame ne, kuma gabansu yana kallon bangon da mawaƙi ya ba wa baya. Jingina katifa a nan, ka janye makirufon daga tsakiyar ɗaki da kuma kusurwa, ka sake tafa hannu ka ji bambanci. Kada a raina ɗaki don ƙanƙantarsa. Faifan farko na Billie Eilish, wanda ya fito a 2019, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi a birnin Los Anjalas, kuma a 2020 ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, har da ta ingancin ɗaukar sauti.

Ga yadda ɗauka mai kyau take kasancewa a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska. Mawaƙiya ta shigo, an ba ta ruwa mara sanyi. Ta cire awarwaro da 'yan kunne masu kaɗawa ta ajiye a kan tebur, an kashe wayoyi ko an kai su waje, domin wayar da ke neman sabis kusa da kebul tana jefa wani ɗan tsiwirwiri cikin layi. Mai ɗauka ya ce, "Hajiya, ɗan matso, taƙi ɗaya tsakaninki da shi." Ta auna da hannunta, daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami, santimita 15 zuwa 20. Ya ce ta rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ba farkon baiti ba, ya saita ƙarfin shiga a kan wannan. Sannan ya miƙa hannu ya kashe fanka. Minti uku za a yi ana zufa, a tsaya, a kunna fanka, a sha iska, a sake kashewa. Wahala ce, amma iskar fanka a kan makirufo ba ta fita sai ta tafi da wani abu na muryar.

Maganar tazara tana da dalili. Makirufo mai jin gaba yana ƙara wa murya kauri idan aka matso shi sosai. Masu gabatar da shirye-shiryen rediyo suna amfani da wannan da gangan. Ga mawaƙi kuwa, kusanci fiye da kima yana sa murya ta yi dum, kuma motsin kai kaɗan sai ya canza ƙarfinta, tunda duk ninka tazara yana rage kimanin desibel 6. Sai kuma iskar baki. Hausa tana da nata halin a nan. Harafin f a bakin Bahaushe da leɓɓa biyu yake fita, wani lokaci ya zama kamar p, kuma yana hura iska kai-tsaye cikin makirufo. Haka ƙ da ts suna fita da wani ɗan fashewa mai kaifi. Raga ta tare iska dole ce, kuma in babu ta kanti, safar mata ta nailan da aka ɗaura a zoben waya tana yin aikin. Karkata makirufon kaɗan, ya kalli gefen baki maimakon tsakiyarsa, sai iskar ta wuce ta gefe, muryar kuma ta shiga.

Wane makirufo? Kowa yana son babban kwandensa, mai buƙatar wutar bolt 48, domin shi ake gani a hotuna. Yana da kyau, amma kunnensa ya cika kaifi: yana jin janareton maƙwabta, yana jin adaidaita sahu a titi, yana jin ɗakin da ba a gyara ba. A irin wannan wuri makirufon dainamik ya fi rufin asiri. Shure SM58, wanda ake yi tun 1966, ya fitar da waƙoƙi ba iyaka. Injiniya Bruce Swedien da Shure SM7 ya ɗauki muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982, alhali yana da damar ɗaukar duk makirufon da ya ga dama a duniya.

Yanzu ƙarfin shiga, inda ake yin ɓarnar da ba ta da gyara. A ɗaukar dijital akwai rufi, wato sifiri a kan ma'aunin. Duk sautin da ya wuce shi, sai a datse masa kai, ya fito da ƙarar tsagewa. Tsoffin ma'aikata na zamanin tef sun saba tura sauti sama don ya rinjayi shuu ɗin tef ɗin, kuma wannan al'ada ta biyo mutane har yau ba tare da dalilinta ba. Ɗaukar bit 16 tana da faɗin kimanin desibel 96 tsakanin shiru da rufi, ta bit 24 kuwa kimanin 144. Wato fili ya yi yawa, ba ka da dalilin kusantar rufi. Saita manhajarka a bit 24, ka bar murya tana yawo wajen desibel 18 ƙasa da sifiri, wurin ihu kada ya wuce 10 ko 6 ƙasa da shi. Idan waƙar ta fim ce, ɗauki a samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa domin shi ne ma'aunin bidiyo. In ba haka ba 44,100 na faifan CD ya wadatar.

Akwai wani gurnani mara yankewa da kusan kowane ƙaramin situdiyo a ƙasar nan ya san shi. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayarin gida ba shi da kyakkyawar wayar ƙasa, wannan kaɗawa tana shiga layin sauti. Kafin ka nemi manhajar cire shi, zare cajar laftof ka ɗauka da batir, ka raba kebul ɗin makirufo da wayoyin wuta, ka tabbata kebul ɗin mai baki uku ne na XLR. Sau da yawa nan take sai ka ji shiru. Ƙaramin janareto ya fi wutar NEPA wahalar sha'ani, domin gudunsa yana hawa yana sauka, gurnanin kuma yana bin sa, don haka matatar da ka saita a kan 50 daidai sai ta riƙa kuskurensa.

Abu biyu kafin mu bar ɗauka. Na farko, jinkiri. Idan mawaƙi yana jin muryarsa a hedifon tana zuwa a makare, zai riƙa jan ƙafa a kan kiɗa ba tare da ya san dalili ba. A saitin sauti na manhajarka, rage bafa zuwa 128 lokacin ɗauka, wanda bai kai milisakan 3 ba a 48,000, ka mayar da shi 1,024 lokacin mikisin. Na biyu, ɗauki murya tsurarta. Kana iya ba mawaƙi ɗan ribab, wato amon ɗaki na manhaja, a kunnensa don ya ji daɗin rerawa, amma kada ya shiga cikin abin da ake ajiyewa. Ka ɗauki kowane baiti sau uku ko huɗu, ka tsinci mafi kyawun layi daga kowanne. Kuma ka riƙa adana aiki bayan kowace ɗauka, don ka san halin wutarmu.

To, murya ta shiga kwamfuta. Kafin ka buɗe gurbi ko ɗaya, yi aikin hannu. Yanke wuraren da ba a rera komai ba, ka rage numfashin da ya yi ƙarfi amma kada ka share shi duka, domin waƙar da ba numfashi a cikinta tana da ban tsoro. Kalmar da ta nutse ka ɗaga ta, wadda ta yi tsalle ka sauke ta. Rabin awa a nan yana rage wa duk sarƙar wahala.

Gurbin farko na gyaran karin murya ne, in ana buƙatarsa. Tarihin wannan abu yana da ban sha'awa. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, kuma irin wannan lissafi ya juya ya yi Auto-Tune, wanda kamfaninsa Antares ya fitar a 1997. Nufinsa gyara a ɓoye, yadda ba wanda zai gane. A 1998 masu haɗa waƙar Believe ta Cher suka murɗa saurin gyaran zuwa ƙarshe, murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta inji, duniya kuma ta ɗauka. Waƙoƙinmu na fim, waɗanda suka taso a kan fiyanon Yamaha a situdiyoyin Kano, sun rungumi wannan sauti har ya zama kamar tambarinsu. Ba na cikin masu cewa haramun ne. Salo ne, kuma akwai waƙoƙin da ya yi wa kyau. Abin da nake ƙi shi ne a saka shi don an saba.

Dalilin sa mai gyaran kari a farko shi ne, aikinsa sauraren murya ɗaya tsaf don ya gane matakin da take kai. In ka sa ribab ko eko a gabansa, sai ya ji matakin da ya wuce yana cakuɗe da na yanzu, ya rikice, ya riƙa rawa. Dole ka faɗa masa makullin waƙar daidai. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya, don haka cire matakan da waƙar ba ta taka su, kada ya ja murya zuwa inda mawaƙi bai nufa ba. Sannan ka kula da karya murya. Wannan lanƙwasa da mawaƙin bege ko mawaƙiyar soyayya ke yi a ƙarshen layi, tana zamewa ne tsakanin matakai, kuma ita ce gishirin rerawar. Saurin gyara mai tsanani yana mayar da ita matattakala. Idan kuskuren wuri biyu ne ko uku kacal, buɗe NewTone a FL Studio, ko VariAudio a Cubase, ko Melodyne, ka gyara waɗannan da hannu ka ƙyale sauran. Goge da kukuma kuwa kada ka kusance su da shi ko kaɗan.

Gurbi na biyu ikwalaiza ce ta ragewa. Kunnen ɗan Adam yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, amma muryar namiji ba kasafai take sauka ƙasa da 85 ba, ta mace kuma tana farawa ne wajen 165. Duk abin da ke ƙasa da haka a layin murya, rugugin titi ne da takun ƙafa da gurnanin wuta. Datse shi daga 80 ko 100 zuwa ƙasa. Sai ka duba tsakanin 200 da 500, inda kwalin ɗaki ke taruwa. Rage desibel 2 ko 3 a wurin da ya fi damunka. Kada ka wuce gona da iri, don a nan ne kuma jikin murya yake, in ka kwashe shi duka za ta koma siririya kamar ta cikin waya. Ana yin wannan kafin kwamfuresa saboda ita kwamfuresa ba ta san bambancin murya da datti ba. Duk abin da ya yi ƙarfi shi take dannewa, kuma in rugugin tirela ne ya yi ƙarfin, muryar ce za ta sha dannar.

A kan kwamfuresa zan ɗan daɗe, domin a nan kalmomi suka fi mutuwa. Aikinta rage tazara tsakanin wurin da murya ta yi ƙarfi da wurin da ta yi sanyi. Kana faɗa mata daga wane ƙarfi za ta fara danna, da yawan dannar, da saurin kamawa, da saurin saki. Kashi 3 ko 4 bisa 1 ya isa ga yawancin muryoyi, allurar kuma ta nuna ana rage desibel 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi. Maɓallin da aka fi wulaƙantawa shi ne na saurin kamawa. Baƙaƙen da ke buɗe gaɓa, irin su k da t da ƙ da ɗ da ts, ƙiftawar ido ne tsawonsu, kuma da su kunne ke rarrabe kalma da kalma. Idan kwamfuresa tana kamawa cikin milisakan ɗaya, sai ta danne kan kowace gaɓa, wasula su yi ta kumbura, murya ta yi ƙarfi amma magana ta dushe. Sassauta shi zuwa milisakan 10 ko 20 ka ji yadda harufa za su dawo. Idan mawaƙin mai hawa da sauka ne sosai, kwamfuresa biyu masu aiki kaɗan-kaɗan sun fi ɗaya mai shaƙewa. Tsohuwar dabara ce ta manyan situdiyo: 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a 1967, mai sauri, ta kama ƙololuwa, sannan LA-2A mai sanyin hali ta daidaita saura. Kwaikwayonsu na manhaja ya cika kasuwa, amma Fruity Limiter da ke cikin FL Studio ma yana yin aikin in ka fahimci maɓallansa.

A nan akwai tarkon da ke kama kowa. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa yadda muke jin kauri da kaifin sauti yana canzawa da ƙarfinsa. Da yawa daga cikin fulogin, wato kayan gyaran da ake sakawa a gurbi, suna ƙara ɗan ƙarfi da zarar ka saka su, sai ka ce kai, ya gyaru. Daidaita ƙarfin fita da na shiga, ka kashe ka kunna ido a rufe. In ba ka iya faɗin abin da ya ƙaru ba, cire shi.

Bayan kwamfuresa, s da sh da ts za su taso, domin an ɗaga duk abin da ke ƙasa. Mai rage tsiwa, wato di'esa, yana zama a nan, wajen haz 5,000 zuwa 8,000, kuma da sauƙin hannu, kada mawaƙi ya koma kamar mai tsamin baki. Daga nan sai ikwalaiza ta ƙari, in da buƙata: kaɗan tsakanin 2,000 da 5,000 don magana ta fito gaba, kaɗan sama da 10,000 don sheƙi. Sau da yawa ma ba muryar ce ke buƙatar ƙari ba. Fiyano da algaitar kwamfuta da sauran kayan kiɗa ne suka cika wannan wuri, kuma rage su desibel 2 a nan ya fi ɗaga murya desibel 5.

Ribab da eko ba sa zama a layin murya. Buɗe musu layinsu daban, ka aika musu da kason da kake so. Amfanin haka uku ne: muryar asali tana nan tsaf a gaba, duk muryoyi suna shiga ɗaki guda maimakon kowa da nasa, kuma kana iya gyara ribab ɗin shi kaɗai. Akwai dabarar da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan: a datse abin da ke ƙasa da 600 da abin da ke sama da 10,000 kafin sauti ya shiga ribab, sai ya ba da faɗi ba tare da laka ko tsiwa ba. Ba ribab ɗin jinkirin farawa na milisakan 30 zuwa 60 don kalma ta gama fita kafin inuwarta ta biyo. Eko kuma a ɗaure shi da gudun kiɗa. Raba 60,000 da gudun waƙar: a gudun 120 bugu ɗaya milisakan 500 ne, a gudun 100 kuma 600. Mawaƙanmu suna cika baiti da kalmomi, ba sa barin fili da yawa, don haka eko mai gudana ko'ina yana tattake magana. Bar shi a rufe, ka buɗe shi a kalmar ƙarshe ta layi kawai, inda akwai sarari.

Ra'ayina a kan yawan ribab a waƙoƙinmu ba ɓoyayye ba ne: ya yi yawa, kuma sau da yawa ana zuba shi ne don a rufe ɗaukar da ba ta yi kyau ba. Ɗaga shi har ka ji shi sarai, sannan ka sauke har ya kusa ɓacewa. Wurin da za ka lura da shi sai in an kashe shi, nan ne wurinsa.

Amshi yana da nasa hukuncin. Kwafe layi ɗaya ka liƙa sau biyu ba ya ba da 'yan amshi. Ƙarfi kawai yake ƙarawa da desibel 6, in kuma ka ɗan goce da ɗaya, sai su riƙa cin juna, sautin ya zama kamar na cikin bututu. A sake rerawa da gaske, sau biyu ko huɗu, a raba hagu da dama, a tara su a layi guda a gyara su tare, a rage musu kaifi don su zauna bayan jagora. In da hali a tara mutum uku ko huɗu su kewaye makirufo ɗaya, kamar yadda 'yan amshin makaɗan gargajiya ke yi, abin da za a samu ya fi duk wata dabarar manhaja. Haka kalangu na gaske: ɗan nesanta makirufo kamar kamu ɗaya, domin makaɗi yana motsi yana matse tsarkiya a hammata, kuma kada a matse shi da kwamfuresa har hawa da saukar muryarsa su daidaita, don da su yake magana.

Za ka ga ban matsa maka ka sayi fulogin masu tsada ba. Da gangan ne. Beatles sun yi faifan Sgt. Pepper a 1967 da na'urar tef mai layi huɗu. Abin da ya zo cikin manhajarka ya ninka nasu sau ba adadi, kuma fulogin na sata da ake turawa a filas, banda haƙƙin masu shi, su ne kan gaba wajen rufe aiki ana tsakiyar ɗauka. Haka saitin da wani ya ba ka da sunan sarƙar wani shahararren mawaƙi: an yi shi ne don wata murya, a wani ɗaki, da wani makirufo. Karɓi jerin, amma lambobin ka nemo su da kunnenka.

Saura gwaji na ƙarshe. Masu sauraronka ba su da lasifikar situdiyo. A waya za su ji, ko ƙaramar sifika ta Bluetooth, ko cikin adaidaita sahu, ko a shagon mai turi a kasuwa. Yawancin waɗannan baki ɗaya suke da shi, kuma ba sa fitar da kaurin bes. Don haka mayar da mikis ɗinka zuwa baki ɗaya ka ji ko amshi ya ɓace. Kada ka shaƙe waƙar da limita don neman ƙara, tunda Spotify da YouTube suna sauke waƙar da ta cika ƙara zuwa wajen 14 ƙasa da sifiri a ma'aunin LUFS, ka ga ka yi asarar numfashin waƙar a banza. Ka ajiye asalin aikin a WAV, MP3 kuma na rabawa ne kawai.

Sannan ka tura waƙar a wayarka, ka fita da ita waje, ka samu wanda bai taɓa jin ta ba, ko mai shayin bakin layi ne, ka kunna masa baiti ɗaya sau ɗaya tak. Ce masa ya maimaita maka abin da aka faɗa. Duk kalmar da ya kasa kamawa, rubuta ta, ka koma ka bi sarƙar daga sama zuwa ƙasa kana kashe gurbi ɗaya-ɗaya har ka gano wanda ya cinye ta. In ka kashe duka ba ta fito ba, kira mawaƙin ya dawo a sake ɗauka.